Ranar da Aka Yi wa Jatan Lande Wanka

Ku sabbin shiga kuna yawan tambayata wace rana ce ta fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi sanye da kakin gandun daji. Kuna jira in ce ranar da muka kashe gobarar daji wajen Azagor, ko ranar da muka kama masu saran gawo. Ba ko ɗaya. Ranar da ta ƙi barin kaina ita ce wadda na tsaya cikin ruwa har ƙugu, da kaki da takalmi da hula, ina roƙon wata tsohuwa ta yi wa Allah ta bar mini ƙazantata.

Lokacin ina sarjan a sarwis ɗinmu, wato ma'aikatarmu ta Dakoro. Ga wanda bai san aikinmu ba, a ƙasar nan duk abin da ke rayuwa cikin ruwa a hannun gandun daji yake, ko da ma'aikacin bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba. Ni ɗan Sabon Maci ne. Itace na sani, da ciyawa, da mai gatari. Saboda haka da shugabana, Kapiten Haruna, ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce an ba ni kiwon jatan lande, sai na ƙame na sara masa na ce to, sannan na fita na tambayi direba mene ne jatan lande. Shi ma bai sani ba, amma ya ce yana jin ba ya cizo.

Wata furoje ce, irin shirye-shiryen nan na raya karkara, ta zo da maganar. Sun ce za su gwada kiwon jatan lande irin na ruwan daɗi a inda babu kogi, suka zaɓi wani ƙauye cikin komin, wato ƙaramar hukumar Korahane. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yau ina cin tuwo can. Suka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, suka sa injin ruwa mai aiki da hasken rana, suka gina kwami biyu na siminti, kowanne ya kai faɗin ɗaki, da bututun iska a cikinsa. Ruwan da ya yi saura aka ja shi da bututu zuwa bakin gari, aka sa pampo. Yarjejeniyar a fili take, an kuma karanta ta gaban maigari: in kwamin biyu suka kai girbi, injin da kayansa sun zama na gari. In abin ya mutu, za a kwance injin a kai shi wani wuri a sake gwaji.

Wanda ya san rijiyoyin ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Rijiyar garin raƙumi ne ke jan gugarta, sai ya yi nisa ya ƙanƙance kafin gugar ta iso baki, kuma wadda ba ta da raƙumi tafin hannunta ne raƙuminta. Babu mutum ɗaya a garin da jatan lande ya dama. Da aka kawo 'ya'yan cikin leda, mata suka leƙa suka ga ƙafafu da gashin baki, suka ce ai fara ce ta koyi iyo, suka sa mata suna farar ruwa. Amma kowa ya gane cewa ran pampo yana rataye da ran wannan ƙwaro.

Ƙwararriyar furojen wata ce Madam Ablawa, mutuniyar Kwatano, guntuwa mai tabarau, ba ta jin Hausa sai sannu da na gode. Ita ta koya mini aikin. Ta ce babban abokin gaban jatan lande ƙwayoyin cuta ne, waɗanda a asibiti ake kira mikrob. In suka kama shi sai ya daina ci, ɓawonsa ya yi baƙin tabo, ya kwanta gefe ɗaya, kafin ka farga kwami ya zama maƙabarta. Na ce to sai a zuba magani a kashe su. Ta ce a'a, maganin kashewa ba ya tambayar wane ne na kirki, kuma mugayen suna sabawa da shi. Dabarar ita ce a yi kiwon wasu mikrob na kirki, sunansu furobiyotik, a cika ruwan da su. Su cinye kashin jatan lande da sauran abinci, su shiga hanjinsa su zauna, su tare ko'ina. Da na zo fassara wa mutanen gari, na ce kamar tabarmar biki ce: in naka suka cika ta, wanda ba a gayyata ba ba ya samun wurin zama.

Aikina na kullum ke nan. Akwai wani shuɗin tano, wato duro, da nake dama garin furobiyotik a ciki, da sukari da dusa, in sa masa bututun iska ya kwana yana ɓulɓula, da safe in juye cikin kwami. A hankali ruwan ya rine, ya yi kauri, ya koma kamar kunun kanwa da ya kwana. Duk ranar da na aika wa Madam hoto ta waya, in ruwan ya ƙara muni sai ta ƙara yabona. Ban taɓa yin aikin da ake ba da lambar yabo a kan dauɗa ba sai wannan.

Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba, Inna Tsahara, shugabar ƙungiyar matan garin. Shekaru da yawa da suka wuce asibiti ya horar da ita kan tsabtar ruwa, ya ba ta kwalbar jabel, wannan ruwan mai warin asibiti da ake ɗigawa a randa. Tun daga nan ba a sake samun zaman lafiya a garin ba. Gida-gida take bi, ta buɗe randa ta leƙa, in ba ta gamsu ba ta kifar. Ta taɓa kifar da ta liman yana tsaye da buta a hannu. Ni kaina ranar da na fara zuwa ta karɓi gorata ta shinshina, ta zubar, ta ce gwamnati ba ta kula da mutanenta.

Ban ɓoye mata komai ba. Na zaunar da ita na yi mata bayanin mikrob na kirki tun daga farko har ƙarshe. Ta saurara da kyau, sannan ta ce, "Sarjan, mikrob na kirki? Gobe kuma sai ka kawo mani ɓarawo na kirki." Duk da haka ta bar ni, saboda pampo. Sai dai in za ta wuce gefen kwami takan rufe hanci da mayafi, ta kau da kai kamar ta ga suruki.

Haka muka tafi har tsakiyar damina, jatan lande ya kai tsawon ɗan yatsa. Sai Kapiten ya kira ya ce mishon na zuwa daga Yamai, Madam Ablawa da wakilin furefe, shugaban mulkin yankinmu, za su duba ci gaban aiki. Mishon, ga wanda bai sani ba, ita ce manya su zo da mota su duba abin da aka gyara saboda zuwansu. Kapiten ya umurce ni in sauko Dakoro in ɗauko kujeru da rumfa, shi kuma ya kira maigari da kansa ya ce a gyara wuri tsaf, kada baƙi su ga abin kunya. Maigari bai yi wata-wata ba ya miƙa umurnin ga wadda ta fi kowa sanin abin kunya.

Na kwana Dakoro saboda ruwa ya cika hanya. Da hantsi muka iso da motar kujeru. Tun daga nesa na ji waƙar mata irin ta aikin gayya, na ce a raina madalla, ana shara. Da muka matso sai na ga kwanoni. Kwanoni, tasoshi, ƙorai, tukwane, har da butar shayi, an jera su a inuwar bishiyar bedi, kowace mace tana tsugune gaban nata. A cikin kowanne akwai jatan lande yana zagaye. Wata tana riƙe da ɗaya a hannu tana goge masa baya da tsumma, a hankali, kamar jariri ranar suna.

Kwami na farko sun riga sun gama da shi. Sun zubar da ruwan nan da na yi wata da watanni ina reno, sun dirje simintin da soso da sabulu, sun bi da jabel, sun ɗauraye, sun sake ɗaurayewa, sun cika shi da ruwa garai-garai. Tanona na kife a rana yana ƙyalli. Inna Tsahara kuma tana tsaye bakin kwami na biyu, ta ɗaure ɗamara, ta miƙa hannu za ta zare toshiyar.

Ban san lokacin da na diro daga mota ba. Ban kuma san lokacin da na faɗa cikin kwamin na taka toshiyar da takalmi ba. Na dai tsinci kaina cikin ruwa har ƙugu, jatan lande na yi mini cakulkuli a ƙwauri.

Inna Tsahara ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sarjan, hito. Ba ni son taɓa kakin gwamnati."

Na ce, "Inna, ki yi mani rai. Wanga ruwa shi ne aikin. In kinka zubda shi kin zubda ni."

Ta ce, "Baƙi su taso tun daga Yamai su iske wanga cikin garinmu? Su koma su ce matan garin ga sun mutu? Kapiten naka da bakinai ya ce a gyara."

Na ce shara yake nufi. Ta ce bai ce shara ba. Na ce zan kwana a nan. Ta ce ta ga waɗanda suka fi ni taurin kai, kuma duk sun yi wanka.

Maigari ne ya raba mu. Ya ce tunda Sarjan ya rantse ba zai fito ba, Inna kuma ta rantse baƙi ba za su gani ba, to a ɓoye abin. Nan da nan aka ɗauko zana aka kewaye kwami na biyu, aka bar 'yar ƙofa ta baya. Inna Tsahara ta ja da baya ta duba, ta ce ya yi kama da makewayi, kuma dama gari mai mutunci yana yi wa baƙi makewayi. Ta sa aka ajiye buta a bakin ƙofar don abin ya cika. Aka mayar da jatan landen kwanoni cikin kwaminsu mai tsabta. Ni kuma na fito ina ɗiga, na tsaya bayan kujeru inda ba za a lura da wandona ba.

Baƙi suka iso bayan azahar. Aka sha fura, aka sha shayi, aka yi jawabai. Sannan Kapiten ya ja gaba zuwa kwami na farko, ƙirji a waje. Gaskiya ya yi kyau. Kana iya ganin kowane jatan lande har gashin bakinsa, sun taru a lungu ɗaya sun yi tsuru-tsuru. Kapiten ya ce wa Madam ta duba irin aikin da mutanensa ke yi, ko a otal ba a samun ruwa haka. Wakilin furefe ya tafa.

Madam Ablawa ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta zauna bakin kwamin. Ta tambaye ni ina tano. Na nuna mata shi a kife. Ta tambayi sauran garin furobiyotik. Na ce na dama na ƙarshe shekaranjiya, sabon kuma yana hanya, ita ma ta san bai iso ba. Ta ce to ina kwami na biyu. Na buɗe baki, Inna Tsahara ta dube ni, na rufe. Na yi aiki ƙarƙashin kwamandoji masu zafi, amma ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta tsakanin matan nan biyu ba.

Allah ya kawo mini agaji ta inda ban zata ba. Kapiten, wanda ya sha fura ƙwarya guda ya bi da shayi, ya ɗan ja jiki gefe, ya hango zana da buta, ya ɗauki butar ya shige. Ba a jima ba ya fito, butar na cike yadda take, ya yafuto ni da hannu.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Sarjan, mi ke tahwasa cikin makewayin ga?"

Na ce, "Mon kapiten, kwami na biyu ne."

Ya dubi butar da ke hannunsa. Ya ce, "Ka san saura ƙiris?"

Na ce, "Na sani, mon kapiten."

Madam ta ga fuskokinmu, ta zo ta leƙa. Da ta ga ruwan nan mai kauri yana ɓulɓula sai ta ɗebo a tafin hannu ta shinshina, ta yi murmushi kamar an ba ta turare. Ta koma ta gwada ruwan kwami na farko, ta ce babu sauran jabel ko kaɗan, duk wanda ya yi ɗaurayar nan ya iya aikinsa. Amma ta ce jatan landen nan yanzu tsirara suke. An wahalar da su, an kore masu tsaronsu, kuma mugayen mikrob sun fi na kirki saurin zuwa. Hanya ɗaya ta rage: a rage ruwan mai tsabta, a ɗebo na kwami na biyu a zuba, bokiti bayan bokiti, kafin rana ta faɗi. In ba haka ba kada a yi tsammanin girbi.

Aikin hannu da yawa ne, kuma babu macen da za ta ɗaga bokiti in Inna Tsahara ba ta ce ba. Na fassara. Mata duka suka juya suka dube ta.

Inna Tsahara ta ce, "Sarjan, hwaɗa mata abin da zan ce, kar ka rage. Shekarar amai da gudawa ɗiyana biyu na rufe cikin mako guda. Ruwan tabki munka sha, irin wanga sak. Likita ya ce mikrob ne. Tun ran nan nike yaƙi da su, gida-gida, ana zagina ina yi. Yau ta ce in ɗauke su da hannuna in kai su wuri mai tsabta."

Na daɗe a garin ban san wannan ba. Na fassara duka. Madam ta matso kusa da Inna. Sannan ta ce in gaya mata yaƙinta gaskiya ne, kada ta daina, ruwan sha dole ya zama kamar yadda take so, amma wannan ba na sha ba ne. Ni ma na ƙara nawa, na ce ai ko nono sai an zuba masa tsohon tsami yake kamawa. Inna ta ce, "Nono hwari ne, Sarjan. Kar ka yi mani wayo."

Ta juya ta dubi bakin gari, inda bidoni, jarkokin ruwa, suka yi layi gaban pampo. Ta ce, "In anka bar shi haka, ɗauke injin za a yi?"

Na ce, "Za a ɗauke, Inna."

"Mu koma ga igiya."

Na ce e.

Sai ta gyara ɗamara ta ce, "Ban yarda ba. Ka hwaɗa mata ban yarda ba, kar ta tahi ta ce ta ci ni da magana. Ku kawo bokiti."

Ita ta ɗebi na farko. Ta kau da fuska, ta riƙe numfashi, ta ɗauko shi nesa da jikinta, ta juye cikin ruwan da ta yini tana wankewa. Dauɗar ta bazu a hankali, mata suka yi wani nishi gaba ɗaya. Ni dai tausayi da girmamawa suka cika ni, har na rasa inda zan sa idona. Daga nan layi ya kama, har Kapiten ya naɗe hannun riga.

Amma ta kafa sharaɗi. Duk wanda ya zo kusa da kwamin sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a gabanta. Madam ta bi layi. Kapiten ya bi, aka mayar da shi ya sake. Wakilin furefe ya ce shi bai taɓa komai ba, ta ce ya tsaya ta inda iska ke kaɗawa, ya wanke. Ni kuwa aka ce nawa ya wuce hannu. Aka karɓe kakina aka jiƙa, na raka manyan baƙi mota sanye da rigar maigari, wadda ta tsaya mini a gwiwa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Cutar ta shiga kwami na farko kamar yadda Madam ta faɗa. Kowace safiya ina tsamo matattu masu baƙin tabo, in binne su nesa, in ƙara ruwa daga kwami na biyu, in kira Madam in ba da rahoto. Inna Tsahara kan zo ta tsaya daga nesa ta ga abin da na tsamo, ta dubi pampo, ta tafi. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Wata safiya dai ta miƙo mini ƙullin sukari daga ɗakinta, ta ce, "Ungo, ka ba maƙiyan, su yi ƙarhi." Bayan ɗan lokaci ruwan ya sake yin kauri, mutuwar ta ragu, sannan ta tsaya.

Da kaka muka yi girbi. Kwami na farko bai kai na biyu ba, amma ya kai abin da yarjejeniya ta nema. Aka soya kaɗan da yaji don a ɗanɗana. Kowa ya jira liman, liman ya ce abin ruwa halal ne, ya tauna ɗaya ya daɗe, sannan ya ce farar tudu ta fi. Sauran aka sa ƙanƙara aka kai birni. A ranar aka miƙa wa gari injin da kayansa, maigari ya dangwala hannu.

Ana watsewa Madam ta kira ni ta ce saura aiki ɗaya. Ƙa'ida ce bayan kowane girbi a zubar da ruwan duka, a dirje kwami, a bi shi da jabel, a bar shi ya sha rana kafin a zuba sabbi. Ta ce ko na san wanda zai iya. Na ce ina jin na san wata.

Na sami Inna Tsahara a bakin pampo, na ƙame na sara mata kamar yadda nake yi wa Kapiten, na ce, "Inna, umurni daga sama. A wanke kwami. Duka biyun."

Ta ce, "Da jabel?"

Na ce, "Da jabel."

Ta ce, "Ka sake hwaɗi da ƙarhi, mata su ji." Na sake. Ita da kanta ta zare toshiyar kwami na biyu, ta tsaya tana kallon ruwan nan yana fita har ya ƙare, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Sannan ta shiga da soso.

Abin da na koya ke nan, ku da za ku fita ƙauyuka. A makaranta an ce mana aikinmu shi ne mu yi bayani har mutane su gamsu, in sun gamsu za su yi. Ba kullum haka yake ba. Wanda ya ƙi maganarka, kafin ka ce taurin kai ne, ka nemi sanin abin da ya binne. Kuma kada ku raina wanda ya yi aikin alhali zuciyarsa ba ta yarda ba, don nasa ya fi naku nauyi. Har na bar yankin Inna Tsahara ba ta yarda akwai mikrob na kirki ba. Ta ɗauke su da hannunta ne kawai don kada wata uwa a garin ta sake shayar da ɗanta ruwan tafki.